Tokar Murhun Kisira

An gama yankan riɗi a Gadarif,
dare ya fara cizon kunne,
sai na ga wuyan Goshi tsirara,
ja wur, ba gashi ko ɗaya.

Kwana biyar ba ƙwai.
Zakara ya rage cara,
sai caccakar jikinsa yake.

Bayan lisha na haska akurki da tocila.
Ga ƙuma a tsagar katako
kamar garin barkono,
amma garin da ke tafiya.
Ashe da rana ɓuya suke,
da dare su sha jinin da na saya da dawa.

Sittana ta leƙo ta katanga,
ta ce akwai hoda a kasuwa.
Na ji kuɗin, na dawo da hannuna.

Tokar murhun kisira na tankaɗe,
na gauraya da yashi, su yi birgima.
Na ƙone tsohuwar shimfiɗa,
na shafe sandar kwana da kananzir,
na rataya dalbejiya a ƙofa.
Goshi na danne a cinya
ina murza mata man riɗi,
tana hararata da ido ɗaya
yadda Inna Tasalla take yi in na makara.

Ita ta koya mini a Mai Wurno,
ba ta taɓa cewa darasi ne ba.

Yau sati biyu.
Tsinkaye sun tsiro a wuyan,
baƙi-baƙi, kamar gemun saurayi.
Na taɓa, ta kai mini sara.
To, sanyi, bismilla.