Lamba Ashirin da Uku

Ƙarfe biyun dare a Kearney,
shayi ya huce cikin kofin takarda,
iskar Nebraska na jijjiga tagar ɗakin bidiyo.
Daga ni sai lamba ashirin da uku,
yaron da bai san da zamana ba.

Na mai da shi baya. Na sake.
Sau goma sha ɗaya ya karkata ƙugu hagu
tun ƙwallo ba ta bar hannun mai jifa ba,
kamar mai amsa kiran da ba a yi masa ba.

Masu gadin bayansu biyu ne.
Dogon haƙuri gare shi,
guntun kuwa zarin ido:
nuna masa gudu, ya taho a guje,
ya bar fili fayau, yadi goma sha biyar,
ko tirela ta juya.

Koci Vandermeer zai shigo da asuba,
hula a karkace, ya ce, "Ina kafar?"
In ce, sai bango ya tsage
ƙadangare ke samun wurin shiga.
Ba zai gane ba. Zan zana masa a allo.

Ranar Asabar Tavion zai yi kamar zai tsaya,
ya wuce.
Uwar yaron tana can kan benci, watakila,
da bargo a gwiwa.

Na kashe fitila.
Can a wata jami'a, mil ɗari uku yamma,
wani bai yi barci ba,
yana ƙirga namu ƙugun.