Lalitar Duwarte

Ranar da teku ta yi fushi a Nazare
ba wanda ya tura kwalekwale.
Muka zauna a rumfa, ni da jikana Duwarte,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.

Ya ce, "Kaka Abiliyo, aljihuna ya huje,
fatsa biyu sun bi yashi,
har da maɓallin da na tsinta a ƙofar coci."
Na yanko masa faɗin tafi biyu
daga tsohon filafilin jirgina,
wanda ya sha gishiri shekara talatin.

Sau bakwai zare na kuskure kafar allura.
Ya lashi bakin zaren, ya kanne ido ɗaya,
a na takwas ya shige.
Ihunsa ya kori kyanwa daga kan taru.

Ɗinkin kuwa, ba a magana:
nan taku uku manne da juna,
can giɓi, yatsa ya wuce ba sallama,
sai ka ce sawun kaguwar da ta sha giya.
Allura ta gaishe shi a babban yatsa,
ɗigon ja ya zauna a kusurwa.
Na miƙa hannu zan warware,
ya fizge: "Bar min, nawa ne."

Da almuru ya zura igiyar taru a bakinta,
ya ja, lalita ta tsuke.
Ya rataya a wuya, ba komai ciki,
yana taku kamar mai jirgi goma.

Gobe, in ji shi, kyanwa za a yi wa matashi.
Na dubi sauran filafilin a lungu.
Ashe da sauran tafiya a gabansa.