Hantsi Daga Silin

A Leicester ƙarfe huɗu rana ke naɗe tabarmarta.
Hotunan sunan Nusaiba sun fito
kamar an ɗauke su cikin rijiya.
Inna ta kira daga Gumel:
"Idanu kawai na gani, ina jikar tawa?"

Na shiga kanti da kyamara a wuya.
Filasha uku aka jera mini.
Mai arha marin fuska take,
goshi ya yi ƙyalli kamar an shafe shi da man gyaɗa.
Mai tsada kuwa, rabin hayar wata.

Ta tsakiya tana ɗaga kai,
ta jefa haske sama,
ya sauko a hankali kamar hantsi a tsakar gida.

Ita na ɗauka.
Yau Inna ta ce yarinyar hancinta ta ɗauko.