Layi na Goma Sha Huɗu

Fom ya ce: rubuta adireshin gida.
Na riƙe biro ina ƙirga.
Bakwai ne a Toledo da kewaye,
ba wanda makullinsa ya kwana a aljihuna.

Gidan farko akwai kare, Biskit.
Na huɗu, firiji da kwaɗo.
Kowane tashi a baƙar leda,
kayana da shara jakarsu ɗaya.

Odalys, jami'ar walwala,
ta tura tabarau goshi, ta ce,
"Tavion, layi na goma sha huɗu.
In ka yi zaman riƙo, sa alama."

Abin da na binne tun aji uku,
ina ce wa yara gwaggona ce,
yau shi ake nema da tawada.
Na ja alamar, hannu na rawar mazari.

Wasiƙa ta iso ran da ƙanƙara ta toshe titi.
An biya kuɗin karatu, har littattafai.
Sau uku na karanta a tashar bas,
na rasa wa zan kira.
Sai na gaya wa direba.
Ya danna oda sau biyu.

Yanzu aikin jinya nake koyo.
Ɗaki na ɗari biyu da shida,
sunana a ƙofa, an rubuta daidai.
Hutun Disamba za a kulle ginin,
ban san inda zan dosa ba.
Amma jiya na sayi akwati,
shuɗi, mai tayoyi,
ɗaya tana ɗan kuka.