Hular Kwano a Kasala

Ba gudu nake yi ba,
abin da ya fi ci mini rai ke nan.
Na kashe babur, na kafe shi a gindin darbejiya
gaban teburin Hajja Batul mai jabana,
na rataye hular kwano a madubi,
na juya ina tambaya ko da sauran citta.

Ashe nan take zubar da ruwan wanke kofuna.
Ƙasa ta yi laushi, ƙafar babur ta nutse,
ya tafi a hankali kamar raƙumi zai durƙusa,
sai dab da ƙasa ya tuna shi ƙarfe ne.
Hular ta riga shi isa.
Ƙwas! a kan dutsen murhu.
Ta gangara, ta tsaya tana kallon Dutsen Taka
baki buɗe.

Mutum biyu suka taya ni ɗagawa,
tara suka taya ni da baki.

Na share ta da gefen jallabiya.
Ga layi nan, tsawon ɗan yatsa, sirantar gashi.
Ƙarzuwa ce ko tsaga, farcena bai iya faɗa ba.

Baba Ɗanjimma ya kurɓi gahawa ya ce,
“Ai babu kai a ciki da ta faɗi.
Kwanon da ya kife ba tuwo,
me aka yi asara?”
Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ina so ya zama gaskiya.

Usta Ohaj bakanike bai ko dubi bayanta ba.
Ya yaye ƙyallen ciki,
ya danna farin soson da babban yatsa, ya daɗe.
“Wannan abu sau ɗaya yake mutuwa dominka.
In ya mutu yau saboda dutsen murhu,
gobe a titin Gadarif wa zai mutu?”
Na ce to ya mutu ne?
Ya ce, “Ba na gani har hanji.”

A kasuwa na taya sabuwa.
Rabin buhun dawa, da takalmin makarantar Ummul a kai.
Na ajiye ta a hankali, kada ita ma ta faɗi.

Da dare wuta ta ɗauke.
Na haska fitilar waya, ina ƙwanƙwasa ta
yadda ake yi wa kankanar bakin Gash.
Kankana takan faɗi abin da ke cikinta.
Wannan ta ƙi magana.
Saudatu na kwance, na ɗauka ta yi barci,
sai ta ce da bango,
“Dawa in ta ƙare akan ranto a maƙwabta.
Kai fa, a gidan wa ake aro?”

Kwana uku na ci gaba da sa ta.
Duk ramin da na faɗa
sai in ji layin nan yana tsawo a bayan kunnena.
Ran na huɗu na biya rabi,
sauran sai an ga wata.
Sabuwar tana warin roba, tana matse mini kunci.

Wani yaro mai sabon babur ya taya tsohuwar,
kuɗinsa a hannu, kansa ƙarami, an yi masa aski.
Na dubi kuɗin fiye da yadda ya kamata.
Na ce ba ta sayarwa ba ce.

Yanzu ina yawo da murfin gwangwani a aljihu,
ina sa shi ƙarƙashin ƙafar babur,
hula kuwa a hannu, ko masallaci zan shiga.
Hajja Batul ba ta taɓa ta da zancen ba,
sai dai ruwanta ya koma bayan bishiya
kuma citta ta ƙaru a kofina.

Tsohuwar tana bayan randa.
Har yau ban sani ba ko lafiyarta ƙalau.
Baƙar kazar Saudatu ta shige ciki,
ƙwai biyar take kwance a kai,
ba ta bari ko in taɓa.