Jan Littafi

Labarin da na rubuta gajere ne, minti goma sha biyu:
Rabe mai shayi na Ƙofar Marusa ya rasu ran Laraba,
daren Asabar ya dawo,
buta a hagu, littafin bashi a dama,
yana bin gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙyaure:
"Kofi uku da rabin burodi, tun sanyin bara."
Ba ya cin mutum, ba ya shan jini.
Kuɗinsa kawai yake so.

Na karanta wa Mannir a shagonsa na cajin waya.
Ya yi dariya har ya ƙware da ruwan leda,
sannan a hankali ya waiga bayansa.
Na ce, to, fim ya yi.

Sai lissafi.
Hayar kyamara kwana biyu,
man janareto, tunda wuta ba ta san alkawari ba,
yadi biyar na farin alawayyo, hoda gwangwani guda,
shinkafa da wake na mutum tara,
da ladan mai haɗa hoto da sauti.
Dubu ɗari uku da arba'in.
A aljihuna dubu shida, ɗaya ma da liƙi a tsakiya.

Na sayi littafi mai jan bango, na ja layi.
Na fara da Kawu Abashe a Babbar Kasuwa.
Ya saurare ni yana auna gero, bai ɗago ba.
Ya ce, "Wato in biya ka ka tsorata ni?
Farashin taki na yi mini haka kyauta."
Ya ba ni ɗari biyar, wai in hau mota.

Alhajin gidan mai ya ce in dawo jibi.
Jibin nan yanzu har ta yi jikoki.
'Yan ajinmu sun yi alkawarin dubu tamanin;
abin da ya shigo: dubu sha ɗaya
da "Allah ya taimaka" guda arba'in.
Na sayar da tantabaruna sha huɗu,
biyu suka dawo da magariba suka sauka kan katanga
suna kallona.
Ko su ba su yarda da cinikin ba.

A wata na biyu na lura da wani abu.
In na ɓullo ta Rafin Daɗi da jan littafina
sai majalisa ta watse.
Wannan ya tuna ya bar famfo a buɗe,
wancan ya kara waya a kunne, wayar kuwa a kashe.
Ɗayyabu tela ya shige ƙarƙashin keke, ƙafarsa a waje.
Na tsaya tsakar titi ni kaɗai.
Ashe fim ya daɗe da farawa, ba kyamara,
kuma ni ne Rabe.

Inna Tabawa mai ƙosai ce ba ta gudu ba.
Ta yafito ni da matsami,
ta kwance bakin zane, dubu uku masu ƙamshin mai.
"Sharaɗi ɗaya. Fatalwar nan taka
ta biya ta ƙofar Sale direba.
Ƙosan ɗari bakwai, tun damina."
Na rubuta Sale a shafi na huɗu.

Kafin Lahadi zance ya kai Ƙofar Guga.
Mai tsire ya zo, mai wankin hula ya zo,
mai kanti ya kawo sunaye takwas a bayan kwalin sabulu.
Kowane suna dubu ɗaya.
Ashe garin nan kowa na da wanda yake so
a ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare.

Yau muna da dubu ɗari biyu da goma,
fim kuma ya kumbura ya kai minti talatin.
Jiya Mannir ya miƙo tasa dubun,
ya karɓi biro, ya juya mini baya.
Sai da na je gida na duba.
Sunana ne.
Cajin waya, wata biyar.