Daro a Bakin Ƙofa

Allura ba ta ba ni tsoro,
Na yi wa bijimi, na yi wa toro,
Amma in ce wa dattijo ga daro,
Taka ka shiga, nan bakina ke rawa.

Gonar Alhaji Sallau, hanyar Sandamu,
Tun ina goye yake aiko ƙwai gidanmu,
Shi ya yanka ragon sunan autanmu,
Ta ina zan fara yi masa gyarawa?

Zariya ta koya min sunan kowace cuta,
Na haddace, na rubuta, na karanta,
Ba malamin da ya nuna yadda ake furta:
"Baba, ko amininka ba ya shigowa."

Na iske dillalin ƙwai har tsakar ɗaki,
Kiret a kansa, ya zaga gonaki,
Gashin wata kaza manne a jiki,
Shi da yaran gona suna ta gaisawa.

Tattabaru na sauka kan buhun dusa,
Agwagin maƙwabci na wanka nan kusa,
Ramin mushe babu, sai dai a jefa nesa,
Bayan katanga, karnuka na ɗaukewa.

Na ga duka. Na buɗe jaka na yi shiru,
Na rubuta bitamin, na ce Allah sa su ƙaru,
Na hau babur na nufi Ƙofar Baru,
Da irin kunyar da ba ta wankuwa.

Laraba da asuba waya ta yi ƙara,
Hajiya Kubura ce, ta yammacin Daura,
Zanko ya yi baƙi, ɗari sun faɗi, ga saura,
Na yini a can muna haƙa da binnewa.

Dillalinsu ɗaya ne, ita ce ta faɗa,
Nan take hantar cikina ta kaɗa,
Na gaji da yi wa zuciyata raɗa,
Na juya babur, rana na faɗuwa.

Har na ɗaga ƙafa zan ƙetare ƙofa,
Idona ya sauka kan rambut ɗin ƙafa,
Lakar ramin Hajiya ce, ai fa!
Ashe da ni za a fara hanawa.

Na ja da baya, na ƙwala wa Ilu,
Kawo daro da buroshi da sabulu,
Murfi huɗu na maganin nan a ruwan tulu,
Na tsuguna a titi ina ta gogewa.

Alhaji ya fito, carbi a hannu,
"Ɗan Lantana, lafiya? Shigo mana, sannu."
Na ce, "Baba, yau ko an ba ni shanu,
Sai na kwana uku, ba ni shigowa."

Daga bayan shinge na yi bayani,
Ban sa Turanci ba, ban kira sunan magani,
Na ce ciwo ba shi da ƙafa, sai aron ta wani,
Tawa, ta dillali, ta mai zuwa dubawa.

A rufe rijiya, a haƙa rami mai zurfi,
Kiret ya tsaya a titi, dusa a sa mata murfi.
Ya yi shiru, shirun ya so ya fi ni ƙarfi,
Na ce shi ke nan, zumunci na rushewa.

Ya ce, "Aminina na zuwa ganin kaji Juma'a,
Shekara talatin. In tsai da shi gaban jama'a?"
Na ce, "I, Baba, cikin ladabi da ɗa'a,
A kai masa tabarma gindin aduwa."

Bai ce to ba, bai ce a'a ba, ya dube ni,
Ya dubi daron, ruwan ya sauya launi,
Ya ce, "Ilu, zubar, haɗa wani ka ba ni,"
Ya taka ciki da silifas yana murmusawa.

Ban san ko Juma'a zai iya da amininsa ba,
Ban san ko kiret ɗin Litinin ya riga mu ba,
Na ƙulle rambut a leda, ban waiwaya ba,
Ƙafa ba takalmi, amma baki ya daina rawa.